INABIN KUDAN, RAKEN MAƘARFI, TUMATIRIN IKARA: ME MUKE ZUBA WA 'YA'YANMU A KOFI?

  

Ya 'yan uwa Musulmi, duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san cewa Allah Ya yi wa wannan yanki wata baiwa wadda ba kowane yanki ya samu irinta ba. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila tun kaka da kakanni. Ikara gidan tumatir ce da tattasai da attaruhu, har gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna ta kafa masana'antar sarrafa tumatir a garin a shekarar 1981. Ita kuwa Kudan, a 'yan shekarun nan sunanta ya kai ko'ina a Nijeriya saboda noman inabi, abin da da can muke tsammanin sai an yo odarsa daga ƙasashen Larabawa ko na Turai. Ga mangwaro da gwaiba da kankana da karas, kowanne da lokacinsa, ga tsamiya da kuka da yakuwa waɗanda ko kula su ba a cika yi ba.

To amma ku shiga gidan suna ko walimar aure a Hunkuyi ko Paki ko Gazara, ku duba abin da ake ajiye wa baƙi a kan tabarma. Lemon kwali ne da lemon roba da garin lemo na leda, masu launin ja da rawaya, an zana hoton lemo ko inabi a jiki. Manomin da ya loda kwandunan tumatirinsa a mota zuwa Legas, ko ya sayar da inabinsa ga 'yan sari, shi ne zai ɗebi kuɗin ya sayo wa iyalinsa ruwan sukari mai launi, yana ganin ya gwangwaje su da kayan gina jiki. Wannan shi ne abin da muke son mu yi magana a kansa a wannan wata, domin lamari ne na lafiyar 'ya'yanmu da tsofaffinmu, kuma lamari ne na dukiyar da aka samu da gumin goshi.

Wani zai ce, ai duk halal ne. Gaskiya ne, ba mu haramta abin da Allah bai haramta ba, kuma ba mu da wannan hurumin. Sai dai mai karatun Alƙur'ani ya san cewa a aya ta 168 ta Suratul Baƙara an haɗa siffofi biyu ne ga abin da ake ci: kasancewarsa halal, da kasancewarsa mai daɗi mai tsarki wanda ba ya cutarwa. Mutanenmu sun ƙware wajen tambaya a kan siffa ta farko, kuma madalla da haka. Ta biyun ce aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari mu fara da kwalin da ke kan kanta. Abubuwan da ake sayarwa da sunan ruwan 'ya'yan itace ba matsayinsu ɗaya ba, ko da kuwa hoton jikinsu iri ɗaya ne. Akwai wanda aka rubuta 100% a jikinsa, wato ruwan ɗan itacen ne zalla, ko da an daskarar da shi an sake tsinka shi da ruwa. Akwai wanda ake kira nekta, wanda ƙa'idar abinci ta duniya ta shekarar 2005 ta yarda ya ƙunshi kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari kawai na ɗan itacen, gwargwadon irinsa, saura kuwa ruwa ne da sukari. Sannan akwai na ƙasa da su duka, wanda shi ne ya fi araha ya kuma fi cika kasuwannin ƙauye: ruwa, sukari, launi, da turaren da ke kwaikwayon ƙamshin lemo. Wani ko ɗigon lemo bai taɓa shiga cikinsa ba.

Yaya za a bambance? Ba da hoto ba, ba kuma da ɗanɗano ba. A juya bayan kwalin a duba jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Ƙa'ida ita ce ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Idan ruwa ne a farko, sukari ya biyo baya, to an san abin da aka saya. Wanda bai iya karatun boko ba, ai akwai ɗansa ko ƙanensa ɗan makaranta. Karanta bayan kwali bai fi minti guda ba. A duba lambar hukumar NAFDAC, a duba ranar da wa'adinsa zai ƙare, kuma kwalin da ya kumbura ko ya daɗe a rana a gefen titi, a bar wa mai shi kayansa.

Akwai wani abin takaici a nan da ya kamata manoma su sani. A shekarar 2003 gwamnatin tarayya ta hana shigo da ruwan 'ya'yan itace da aka riga aka ɗura a kwalaye, da nufin a riƙa yin sa a gida da amfanin gonarmu. Abin da ya biyo baya shi ne kamfanoni da yawa suka koma shigo da daskararren ruwan a manyan durom-durom daga ƙetare, su tsinka shi su ɗura a nan. Saboda haka ko kwalin da ke da gaskiya a jikinsa, sau da yawa lemon cikinsa ba na Binuwai ba ne, balle a yi zancen inabin Kudan. Kuɗi ya fita daga aljihun manomi, bai dawo gonar manomi ba.

Yanzu kuma ga maganar da za ta yi wa wasu nauyi: ko da ruwan ɗan itacen zalla ne, wanda uwargida ta matse da hannunta, ba a shan sa kamar ruwan randa. Dalili kuwa shi ne, Allah Ya halicci zaƙin ɗan itace a lulluɓe cikin tsoka da zare-zare da ɓawo. Idan mutum ya ci lemo guda, haƙori zai yi aiki, ciki zai cika, zaƙin kuma ya shiga jini a hankali. Idan aka matse aka tace aka zubar da tuƙar, abin da ya rage shi ne zaƙin tsirara, ya wuce maƙogwaro ba tare da wani shamaki ba. Kofi guda na milimita 250 yana cin lemo kamar uku, kuma yana ɗauke da sukari kimanin giram 21, wato cokalin shayi biyar. Na inabi ya fi haka, yana kaiwa kusan cokali tara, daidai da abin da ke cikin kwalbar lemon kwalba. Wa zai zauna ya cinye lemo uku a cikin daƙiƙa ashirin? Amma a kofi ana yin haka, har a nemi ƙari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a shekarar 2015 cewa irin wannan sukari kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga baligi, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Abin lura shi ne, hukumar ta lissafa zaƙin ruwan 'ya'yan itace da na zuma a cikin wannan ƙidaya, amma ba ta lissafa zaƙin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum ba. A Ingila hukumomin lafiya sun ce kada a wuce milimita 150 a yini, wato ƙaramin kofi guda. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2017 kada a ba jaririn da bai cika shekara ba ruwan 'ya'yan itace sam, ɗan shekara ɗaya zuwa uku kuwa kada ya wuce kimanin milimita 120. Mu kwatanta wannan da abin da ake gani a gidajenmu, inda ake ɗura wa yaron goye lemon kwali don ya yi shiru, sannan a yi mamakin haƙoransa sun ruɓe tun bai shiga makarantar allo ba, ko ya ƙi cin tuwo da dare.

Ga mutanen Maƙarfi da kewaye, wannan magana ta shafi rake kai tsaye. Shan rake da haƙori, kamar yadda muka gada, yana da nasa linzami: kafin mutum ya gama gaɓa uku muƙamuƙinsa ya gaji. Yanzu kuwa injinan matse rake sun fara yawaita a birane, ana ɗura ruwan a roba ana tallarsa da cewa magani ne na kaza da kaza. Ruwan rake abu ne mai daɗi, halal ne, yana wartsakar da wanda ya sha rana a gona. Amma shi ne fa ruwan da ake dafawa ya zama sukari da mazarƙwaila. Duk wanda ya ce wa mai ciwon sukari ya sha ruwan rake don wai na Allah ne ba na kamfani ba, to ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa. Haka mazarƙwaila, haka zuma. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa baligai kimanin miliyan 3.6 ne ke da wannan ciwo a Nijeriya, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba. Wanda ya taɓa raka ɗan uwa asibitin koyarwa na Shika ya ga yadda ciwon ke cin ƙafa da ido da ƙoda, ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Kayan lambu su ne suka fi sauƙi ta wannan fuska. Kofin ruwan tumatir sukarinsa bai wuce cokali biyu ba. Karas da kokwamba da ɗan citta, a matsa lemon tsami a kai, abin sha ne mai kyau idan ba a ɗura masa sukari ba. Kuma in har za a yi, markaɗawa gaba ɗaya a sha da tsokar ya fi a tace a zubar da ita. Amma kada wani ya ɗauka tumatirin miya ya gaza na kofi. Sinadarin da ke sa tumatir ja, wanda masana ke yabawa, jiki ya fi karɓarsa idan an dafa shi da ɗan mai. Ashe miyar iyayenmu mata da kauɗar da ake shanyawa lokacin da tumatir ya yi araha a Ikara ba su bar wa injin markaɗe komai ba. Masu ciwon ƙoda dai su nemi shawarar likita kafin su yawaita ruwan tumatir ko na lemo, domin akwai gishirin fotasiyam a cikinsu wanda ƙodar da ta raunana ba ta iya fitarwa.

Zoɓo da tsamiya da ruwan kwalba da nono na garin kuka su ne abin shan talaka, kuma ba su da abin kunya a gaban kowane kwali. Garin ƙwallon kuka yana da bitamin C mai yawa. Zoɓo kuwa bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, shi ya sa mai shan maganin hawan jini ya kamata ya sanar da likitansa in yana yawan shan sa, kada kuma ya ajiye magani ya riƙe zoɓo. Illar waɗannan ba daga gare su take ba, daga hannun mai haɗawa take: gwangwani-gwangwanin sukari, da launi, da garin ƙara tsami da ba a san asalinsa ba.

A kan wannan gari na ƙarshe ne za mu ɗan tsaya, domin an yi asarar rayuka a kansa. A watannin Maris da Afrilun 2021, gab da azumi, mutane a Kano suka riƙa zuwa asibiti suna amai suna fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin leda. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta bayyana cewa mutum goma sun rasu, kimanin 400 kuma aka kwantar, wasunsu ƙodarsu ta taɓu. Hukumar NAFDAC ta gano cewa an sayar da wani sinadarin masana'antu mai guba da sunan ɗan tsami, ban da kayan da wa'adinsu ya ƙare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga Kano zuwa Tashar Yari tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ce, kuma 'yan kasuwarmu can suke saro kaya. Matan da ke sana'ar zoɓo da lemo a gidaje, waɗanda da yawansu da ita suke rufa wa kansu asiri, muna kira gare su da su guji duk garin da ake aunawa daga buhu babu suna babu lamba. Tsamiya tana nan, lemon tsami yana nan. Tsaminsu bai taɓa kai kowa asibiti ba. Mazajensu kuma su sani cewa su ne ke zuwa kasuwa, amanar tana wuyansu.

Sai ruwa da ƙanƙara. A shekarar 2021 ɗin dai an samu fiye da mutum dubu ɗari da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, mafi yawa a Arewa. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙanƙarar da aka yi da ruwa maras tsabta, idan ta narke a cikin zoɓo, ruwan nan ne dai aka sha. Haka robar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama aka sake ɗurawa. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi da wane ruwa aka yi, mai sayarwa kuma bai kamata ya ji haushi ba.

Shi kansa ɗan itacen akwai abin dubawa a kansa kafin ya shiga injin. Tun bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, manoma suka ƙara ƙaimi wajen feshi, kuma ba mu ga laifin wanda ke kare gonarsa ba. Amma kowane maganin feshi yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikinsa waɗanda dole a jira tsakanin feshi da tsinka. Wanda ya fesa yau ya tsinka gobe don kasuwa ta yi kyau, ya tuna cewa wani zai markaɗa wannan tumatir ko inabi ɗanye ya ba ɗansa. Wanda bai gane rubutun ba, malaman gona suna nan, cibiyoyin binciken noma na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan Samaru, ba nisa. Haka masu nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabaid na masu walda, wanda NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda gubar da ke cikinsa. Wannan algus ne, kuma kowa ya san hukuncin algus. Mai saye ya yi hattara da mangwaron da ya yi rawaya fes a waje alhali cikinsa tsami ne, ya wanke komai da ruwa mai gudana, ya fere abin da ake ferewa.

Saura magana guda wadda ta shafi Kudan musamman, kuma ta shafi addini kai tsaye. Ruwan inabi ba kamar sauran ba ne. A jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yis na halitta, kuma da zarar an matse shi aka bar shi a zafi irin namu, cikin kwana ɗaya ko biyu zai fara kumfa, zaƙinsa ya fara juyewa zuwa abin da ke sa maye. Ba sai an zuba masa komai ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, busasshen inabi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ba ya ajiye shi. Daga nan Hambalawa suka iyakance kwana uku, Malikawa da Shafi'awa kuwa suka rataya hukuncin a kan sa maye, ko a rana ta nawa ya faru. Ga mai zama a ƙasar da zafin bazara ke kusantar digo 40, ga wutar lantarki ba tabbas, abin da ya fi aminci shi ne a matse a sha a ranar. Wanda ya ga roba ta kumbura, ko ya buɗe ya ji ta yi tsaki, ko ɗanɗano ya koma yaji-yaji, ya zubar. Ruwan rake da kunun aya ma haka suke saurin juyawa.

Mai son ajiyewa kuwa akwai hanya, kuma tsohuwa ce. A 1869 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Thomas Welch, wanda shi ma yake ƙyamar giya, ya nuna cewa idan aka ɗumama ruwan inabi sosai aka rufe shi a kwalba mai tsabta, yis ɗin yana mutuwa, ruwan ya daɗe bai juya ba. A kan wannan dabara aka gina babbar sana'a a ƙasarsu. Muna ganin matasanmu na Kudan da suka yi karatun kimiyyar abinci, da masu hannu da shuni na yankin, su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan aiki, da rajistar hukuma da tsabta, domin inabin da ya fashe ko ya yi ƙanana wanda 'yan sari ke rainawa ya zama abin sha na halal maimakon asara. Yin haka zai kuma rufe wata ƙofa, domin jumhurun malamai sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, kuma manomin da ke da kasuwa a gida ba zai shiga wannan tsaka mai wuya ba. Darasin masana'antar tumatir ta Ikara, wadda ta yi shekaru a rufe kafin a farfaɗo da ita a 2014, ya isa ya nuna cewa jiran gwamnati ita kaɗai ba ya fisshe mu.

A watan azumi ne duk wannan ya fi tsanani, lokacin da maƙogwaro ya bushe, ido ya rufe, kowane gida ya cika kula da jan ruwa. Sunna dai sananniya ce: dabino, in babu sai ruwa. Bayan haka a yanka kankana ko gwanda ko lemo a ci da haƙori, a bar kofin zoɓo ko na inabi ya zama guda ɗaya ƙarami tare da abinci, ba tulu guda a kan cikin da ya wuni babu komai ba. Kwamitocin masallatai da ke raba abin buɗa-baki, da masu ɗaukar nauyin walima, su ne za su iya fara sauya wannan al'ada, domin abin da aka gani a masallaci shi ake kwaikwayo a gida. Kuɗin katan biyu na lemon roba zai sayi kankanar da za ta ishi sahu guda, kuma kuɗin zai tsaya a hannun manomin da ke salla a sahun.